Kotun Farar Hula, Kotun Soja, Zaman Sirri ko Tsarewa: Wace Hanya Ta Fi Dacewa da Wanda Ake Zargi da Ta'addanci?

Duk gwamnatin da ta kama mutum bisa zargin ta'addanci, matsala iri ɗaya take cin karo da ita. Jami'an leƙen asiri sun ce ba su da shakka shi ne, amma abin da suka dogara da shi sau da yawa ba ya shiga kotu. Ko dai maganar waya ce da aka naɗa a ɓoye, ko rahoton wani da aka dasa cikin ƙungiyar, wanda ranar da aka ambaci sunansa kwanansa ya ƙare, ko kuma bayanin da wata ƙasa ta bayar bisa sharaɗin kada a nuna wa kowa. A sake shi, ana tsoron abin da zai aikata gobe. A riƙe shi, doka na tambayar ina hujja.

Tun bayan hare-haren 11 ga Satumba 2001 a Amurka, ƙasashe sun bi manyan hanyoyi biyar wajen fita daga wannan tsaka mai wuya, kuma an kwashe fiye da shekaru ashirin ana gwada su. Saboda haka wanda ra'ayinsa ya rabu, ɗan majalisa ne da aka ajiye wa ƙudirin doka a gabansa, ko lauya, ko ɗan jarida, yana da abin dubawa a ƙasa.

Abin da za a auna da shi

Na farko shi ne hujja: wace iri hanyar ke karɓa, kuma shin wanda ake tuhuma yana ganinta har ya mayar da martani? Nan akwai iyakoki biyu da yawancin ƙasashen duniya suka sa hannu a kai. Sashe na 14 na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan haƙƙin jama'a da siyasa ta 1966 ya ba kowa damar sanin tuhumar da ake yi masa da yi wa shaidu tambayoyi. Sashe na 15 na yarjejeniyar hana azabtarwa ta 1984 kuma ya haramta amfani da duk maganar da aka tatsa ta hanyar azaba. Ƙasa na iya jingine wasu haƙƙoƙi a lokacin dokar ta-ɓaci, amma haramcin azabtarwa ba ya cikin waɗanda ake jinginewa.

Sauran ma'aunan su ne kuɗin da hanyar ke ci, da ɗorewar hukuncinta idan an ɗaukaka ƙara, da saurinta, sai haɗari. Haɗarin kuwa fuska uku gare shi: a ɗaure marar laifi, ko mai laifi ya kuɓuce, ko a tona asirin majiya.

Kotun laifuka ta farar hula

Ita ce mafi tsananin sharaɗi. Sai an kawo hujjar da ba ta bar kokwanto ba, a bainar jama'a, lauyan wanda ake tuhuma kuma ya titsiye shaidu ɗaya bayan ɗaya. Masu sukarta na cewa ba a yi ta don irin wannan yaƙin ba. Shari'ar Ahmed Ghailani ta isa a gwada wannan magana.

Ana zarginsa da hannu a harin bam na 1998 kan ofisoshin jakadancin Amurka a Nairobi da Dar es Salaam, inda mutum 224 suka mutu. An kama shi a Pakistan a 2004, hukumar CIA ta riƙe shi a ɓoyayyun wurare, aka kai shi sansanin tsare fursunoni na Amurka da ke Gwantanamo a 2006, sannan a 2009 aka maida shi New York gaban kotun tarayya. Gab da fara shari'a, alƙali Lewis Kaplan ya hana babban shaidan gwamnati magana, wani ɗan Tanzaniya da ya ce shi ya sayar wa Ghailani abubuwan fashewa. Dalilin alƙalin shi ne, gwamnati ta san da mutumin ne daga bakin Ghailani lokacin da ake matsa masa a hannun CIA. A ƙarshe, cikin tuhume-tuhume 285, ɗaya tak aka same shi da laifinta. 'Yan siyasa suka yi ca, suna cewa saura ƙiris ya sha. Amma wannan ɗayar ta jawo masa ɗaurin rai da rai a Janairun 2011, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar, kuma maganar ta mutu daga nan. A ganina abin lura a shari'ar shi ne, matsin da aka yi masa tun farko ne ya kusa ɓata wa masu gabatar da ƙara aiki, kotun kuwa ta kai ga hukunci duk da haka.

Kotunan tarayyar Amurka sun ɗaure ɗaruruwan mutane kan laifukan ta'addanci tun 2001. Faransa ta yi shari'ar harin Paris na Nuwamban 2015, wanda ya kashe mutum 130, daga Satumban 2021 zuwa Yunin 2022 a gaban ƙwararrun alƙalai. Mutum 20 aka tuhuma, ɗaruruwan waɗanda suka tsira da iyalan mamata suka yi magana a zauren, aka yanke wa babban wanda ake tuhuma, Salah Abdeslam, ɗaurin rai da rai, kuma babu wanda ya ɗaukaka ƙara.

Ba ta da arha: tsaron zauren kotu, kare shaidu, masu fassara, lauyoyin da gwamnati ke biya. Amma kuɗi ne mai ƙarshe. Game da asiri kuma, akwai dabaru a cikinta. Amurka na da doka tun 1980 da ta ba alƙali damar duba takardar sirri shi kaɗai, ya amince a ba ɓangaren kariya taƙaitaccen bayani a madadinta. Birtaniya ta ɗaure kanta ta wata fuskar, domin dokarta ba ta yarda a gabatar da maganar waya da hukumominta suka tsinta a matsayin hujja a shari'ar laifi ba, abin da ya rage mata adadin mutanen da za ta iya gurfanarwa.

Kada a ɗauka kotun farar hula ba ta kuskure. Mutum shida da aka ɗaure a 1975 kan harin bam na Birmingham sun yi shekaru goma sha shida a kurkuku bisa ikirarin da aka tilasta musu da gurguwar shaidar kimiyya, sai 1991 aka sake su. Haka kuma sunan kotu kaɗai ba ya wadatarwa. A Iraƙi an yi ta yanke wa waɗanda ake zargi da zama 'yan IS hukuncin kisa a zaman da bai wuce 'yan mintoci ba, bisa ikirari kawai. Shari'o'in gungu na waɗanda ake zargi da zama 'yan Boko Haram da aka fara a Kainji a Najeriya a 2017 su ma sun sha suka daga ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam saboda dogaro da ikirari da ƙarancin lokacin da lauyoyi suka samu da waɗanda suke karewa.

Kotun soja

Alƙawarin da aka yi da ita shi ne sauri da sassaucin ƙa'idar hujja. Abin da aka samu a Gwantanamo akasin haka ne, garin gudun gara aka faɗa gidan zago. Kotun Ƙolin Amurka ta rushe tsarin farko a 2006 a shari'ar Salim Hamdan, direban Osama bin Laden, ta ce ya saɓa wa dokar soja da yarjejeniyoyin Geneva. Majalisa ta sake rubuta dokar a 2006, ta kuma yi mata gyara a 2009. Hamdan ɗin da aka samu da laifi a 2008, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncinsa a 2012, haka shi ma na David Hicks ɗan Ostireliya aka soke a 2015. Duka hukuncin da wannan kotu ta yanke bai kai ashirin ba, akasari ma ta hanyar yarjejeniyar amsa laifi.

Khalid Sheikh Mohammed, wanda ake zargi da kitsa harin 11 ga Satumba, an kama shi a Rawalpindi a Maris 2003. Rahoton majalisar dattawan Amurka na 2014 ya nuna an yi masa azabar kwarara ruwa a fuska sau 183. An karanta masa tuhuma a 2008, aka sake karantawa a 2012, kuma aka haura shekaru ashirin da kama shi ba a fara sauraron shaidu kan ainihin laifin ba. Shekarun sun tafi ne a gardamar wace magana ce azaba ta gurɓata, wacce kuma ba ta gurɓata ba. A 2023 wani alƙalin soja ya yi watsi da ikirarin Abd al-Rahim al-Nashiri, wanda ake zargi da harin jirgin ruwan yaƙi USS Cole na 2000, duk da cewa wasu jami'ai daban ne suka karɓi ikirarin shekaru bayan azabar. Alƙalin ya ga cewa tasirin abin da aka yi masa bai gushe ba.

Kuɗi kuwa ba a magana. Jaridar New York Times ta ƙiyasta a 2019 cewa kowane fursuna a Gwantanamo na cin kimanin dala miliyan 13 a shekara, alhali a gidan yari mafi tsaro na cikin Amurka kuɗin bai kai dala dubu 100 ba. Pakistan ma ta buɗe kotunan soja ga fararen hula a 2015 bayan kisan ɗalibai a makarantar Peshawar. Can an samu saurin, amma a rufe aka yi zaman, kuma kotunan farar hula sun soke da dama daga hukunce-hukuncen.

Zaman sirri da ɗaurin talala

Wannan hanyar Birtaniya ce ta fi raya ta, Kanada ma ta ɗauka a 2008. Ana raba zaman gida biyu, na fili da na sirri. A na sirrin, ana fitar da wanda ake zargi da lauyansa, sai wani lauya na musamman da hukuma ta tantance ya shiga ya yi gardama a madadinsa. Sarƙaƙiyar tana nan: da zarar wannan lauya ya ga takardun sirri, ba shi da izinin sake tattauna batun da mutumin sai da amincewar kotu. A ce takardar ta nuna an ga mutumin a wani sansanin horo a wata kaza. Wataƙila a wannan watan yana kwance a asibiti, kuma yana da takardun sallama a aljihun tebur. Lauyan da ya san zargin ba zai iya tambayarsa ba, shi da ke da amsar kuma bai san an yi tambayar ba.

Saboda haka ne a 2009 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam, sannan babbar kotun Birtaniya, suka ce dole a faɗa wa mutum gundarin zargin gwargwadon da zai iya ba lauya umarni mai amfani. Wannan gyara ya rage zaluncin, bai kawar da shi ba.

Abin da ake ɗora wa mutum ta wannan hanya ba kurkuku ba ne, ɗaurin talala ne: na'urar bibiya a ƙafa, hana fita da dare, hana waya da intanet sai wanda aka yarda, hana ganin wasu mutane, wani lokaci har da tilasta masa ƙaura zuwa wani gari. Daga 2005 zuwa 2011 mutum 52 ne aka sa wa irin wannan umarni a Birtaniya, bakwai daga cikinsu suka sulale. An maye gurbin dokar da mai ɗan sassauci a 2011, kuma a 2013 wani da ke ƙarƙashinta ya shiga masallaci a yammacin Landan ya fito sanye da burƙa, aka neme shi aka rasa. Hanyar na cin kuɗin sa ido dare da rana da na lauyoyi ninki biyu, kuma ba ta kai kowa ga hukunci. Amfaninta shi ne tana kare majiya, tana kuma sayen lokaci.

Tsarewa ba tare da shari'a ba

Ita ce mafi sauƙin farawa, mafi wuyar gamawa. Ranar 9 ga Agusta 1971 sojojin Birtaniya suka kama mutum 342 a Ireland ta Arewa bisa jerin sunayen da ya tsufa, da yawansu ba su da alaƙa da IRA, ƙungiyar da ke yaƙar mulkin Birtaniya a yankin da makami. Zanga-zangar adawa da wannan tsarewa ce sojoji suka buɗe wa wuta a Derry a Janairun 1972, mutum 13 suka mutu nan take, kuma shekarar 1972 ta zama mafi muni a duk tsawon rikicin. An daina tsarewar a 1975.

Birtaniya ta sake gwadawa a 2001 kan baƙi kaɗai, ta tsare su a gidan yarin Belmarsh, babbar kotun ƙasar ta ce a Disamban 2004 hakan ya saɓa wa haƙƙin ɗan Adam. Gwantanamo ta riƙe kimanin mutum 780 tun Janairun 2002, mafi yawansu aka sake su ba tare da tuhuma ba. Cikinsu akwai 'yan ƙabilar Uighur 22 da aka amince ba abokan gaba ba ne, amma na ƙarshensu bai fita ba sai 2013, don an rasa ƙasar da za ta karɓe su. Akwai kuma haɗarin tara masu tsattsauran ra'ayi da waɗanda aka kwaso bisa kuskure a wuri guda. Abu Bakr al-Baghdadi ya zauna a sansanin Bucca na Iraƙi a 2004, shi da wasu da suka zama jiga-jigan IS daga baya.

Dokar yaƙi ta yarda a riƙe mayaƙi har faɗa ya ƙare. Matsalar ita ce yaƙi da ta'addanci ba shi da ranar sa hannu kan sulhu.

Jerin sunayen takunkumi

Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kafa wannan tsari da ƙuduri mai lamba 1267 a 1999. Wanda sunansa ya shiga, a rufe asusunsa a duk duniya, a hana shi tafiya. Ba a buƙatar hukuncin kotu, kuma kusan kyauta ne ga gwamnati. A farkon shekarun babu inda mutum zai kai kuka. Yassin Kadi, ɗan kasuwa daga Saudiyya, an sa sunansa a Oktoban 2001, kotun Tarayyar Turai ta ce a 2008 an take haƙƙinsa don ba a faɗa masa dalili ba balle a saurare shi, amma sai 2012 aka cire shi daga jerin Majalisar. Kamfanin aika kuɗi na al-Barakaat, wanda ɗimbin iyalai a Somaliya suka dogara da shi, an rufe shi a Nuwamban 2001, daga baya masu binciken harin 11 ga Satumba ba su sami hujjar cewa yana tallafa wa al-Ƙa'ida ba.

A 2009 aka ƙirƙiro ofishin mai sauraron koke, a 2011 aka ƙara masa ƙarfi ta yadda shawararsa ta cire suna kan fara aiki bayan kwana 60 sai dai in kwamitin da ke kula da jerin gaba ɗaya ya ƙi, ko an miƙa batun ga Kwamitin Sulhu. Akasarin koken da ofishin ya kammala dubawa sun ƙare da cire sunan, wanda ke nuna irin hujjar da aka shigar da mutane da ita tun farko.

| Hanya | Hujja | Kuɗi | Ɗorewa | Sauri | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Kotun farar hula | A fili, mai tsauri | Mai yawa, amma yana ƙarewa | Mai ƙarfi | Watanni zuwa 'yan shekaru | Mai laifi ya kuɓuta, majiya ta fallasa |
| Kotun soja | Mai sassauci | Mafi tsada a Gwantanamo | Mai rauni | Ko gaggawa ko jan ƙafa | Soke hukunci, zubewar mutunci |
| Zaman sirri da talala | Rabi a ɓoye | Matsakaici zuwa mai yawa | Sai an riƙa sabuntawa | Da sauri | Mutum bai san abin da zai musanta ba, tserewa |
| Tsarewa ba shari'a | Zato ya isa | Yana hauhawa da shekaru | Kotuna na rushe ta | Nan take | Riƙe marar laifi, ƙara wa ƙungiya magoya baya |
| Jerin takunkumi | Bayanan sirri | Kaɗan ƙwarai | Ya dogara da bita | Da sauri | Kuskuren suna, cutar da na gefe |

Wacce ta dace da wace buƙata

Idan kana da abin da za a iya ajiyewa a teburin alƙali, wayar da aka ƙwace, saƙonni, hoton bidiyo, zanen yatsa, hanyar da kuɗi suka bi, to kotun farar hula ce, ko da shari'ar za ta ja lokaci. Inda kuɗin gyara ya fi amfani shi ne matakin farko, wato horar da wanda ya fara taɓa kayan. Soja a fagen fama ba ɗan sanda ba ne. In ya tsinci kwamfuta a maɓoya bai rubuta inda ya same ta da ranar da hannayen da ta bi ba, lauya zai yi fatali da ita cikin minti biyar. Ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 2396 na 2017 ya ja hankalin ƙasashe kan tattara irin waɗannan hujjoji da adana su yadda kotu za ta karɓa. Kuma ko hujjar kimiyya sai an bar ƙofar ƙalubalantarta a buɗe: bayan harin jiragen ƙasa na Madrid a 2004, hukumar FBI ta tsare wani lauya Ba'amurke bisa zanen yatsa, 'yan sandan Sifaniya suka nuna na wani ne daban, gwamnati ta biya shi diyyar dala miliyan 2.

Idan barazanar ta kusa, hujjar kuma ba ta fitowa fili ba tare da an sadaukar da ran majiya ba, ɗaurin talala ƙarƙashin alƙali ya fi tsarewa, da sharaɗi uku: a faɗa wa mutum gundarin zargin, a sa wa umarnin wa'adi, bincike kuma ya ci gaba da nufin gurfanarwa. In wa'adin ya cika babu tuhuma, a sake shi.

Idan an kama mutum da makami ana tsakiyar faɗa, riƙe shi halal ne a dokar yaƙi, amma a rubuta sunansa, a bar ƙungiyar agaji ta Red Cross ta gan shi, a riƙa bitar tsarewar, a kuma tantance da wuri wane ne kwamanda, wane ne yaron da aka sato aka ba bindiga. Kotun soja a bar ta ga sojoji.

Idan manufar datse kuɗi ce, jerin takunkumi ya dace da ƙungiyoyi da manyan masu ɗaukar nauyinsu, matuƙar akwai inda za a kai kuka, kuma an ware ayyukan jinƙai kamar yadda ƙuduri mai lamba 2664 na 2022 ya tanada.

Idan kuma shari'ar na buƙatar haɗin kan wata ƙasa, ka duba yadda za a kalli kotunka daga waje kafin ka zaɓa. Kotun Turai ta hana Birtaniya miƙa Abu Qatada, wani malami da ake zargi da ta'addanci, ga Jodan a 2012 saboda fargabar za a yi amfani da shaidar da aka samu ta azaba. Sai da ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar hana hakan ya tafi a 2013, bayan shari'ar ta ci fiye da fam miliyan 1.7, kotun Jodan kuma ta wanke shi a 2014. Tawagar binciken Majalisar Ɗinkin Duniya kan laifukan IS, da aka kafa a 2017, ta tara tulin hujjoji a Iraƙi, amma hukuncin kisa da ke dokar ƙasar ya hana ta miƙa su kai-tsaye ga kotunan Iraƙi har wa'adinta ya ƙare a 2024. Hukuncin farko kan kisan ƙare dangi da 'yan IS suka yi wa ƙabilar Yazidawa, wata kotun farar hula a Frankfurt ta Jamus ce ta yanke shi a Nuwamban 2021.